Teloli Takwas da Gyaran Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da masu duba cibiya suka zo mana ba, kuma ko na so in manta, Bappa ba zai bari ba. Har yau in muka haɗu a masallaci da Azahar, yana shafa addu'a zai juyo ya ce, "Injiniya, yau dai ba a yi gyara ba ko?" Ni kuma sai in duƙufa neman takalmina, alhali ga shi nan a gabana.

Bari in faro daga tushe. Ina aiki ne a wata cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta a nan cikin Bauchi, irin wadda ɗalibai ke cika zaure kowa da tasa na'urar, tambaya ta fito, ka zaɓi amsa, ka danna ta gaba. Mai wurin shi ne Alhaji Sule, ɗan cikin gari, wanda ya yi arzikinsa a sayar da yadi da shadda, yana kuma da shagon ɗinki cike da teloli. Bai san komai a kwamfuta ba, kuma ba ya ɓoyewa. Abin da ya tsana a duniya shi ne ya ga ma'aikaci zaune yana hamma. Mu biyu ne a kan na'urorin. Ni nake kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, wadda duk tambayoyi daga cikinta suke fita, duk amsoshi kuma cikinta suke komawa. Bappa shi ke kula da wayoyin da suka haɗa ta da kwamfutocin zaure. Bafulatani ne daga wajen Inkil, dogo, marar yawan magana, wanda ya bar wa ƙannensa kiwo ya je ya yi difloma. Bai daɗe da dawo da iyalinsa cikin gari ya sa yaransa makaranta ba, duka da albashin wannan aikin.

(Alhaji ne ya fara kirana Injiniya. Takarduna ba su kai nan ba, amma ban taɓa gyara masa ba. Sunan ya yi mini daɗi, me zai sa in ɓata wa dattijo magana?)

Sabar tamu ta gwanjo ce, amma tana da ƙarfinta. A cikinta akwai ƙananan ƙwaƙwalwa guda takwas da ke yin aiki tare, huɗu a ɓangare ɗaya, huɗu a ɗayan. Akwai kuma wani sashe na manhajar da ke tafiyar da na'urar, wanda aikinsa kawai rabon aiki: wannan ya tafi wajen ƙwaƙwalwa ta ɗaya, wancan ta biyar. Lokaci zuwa lokaci yakan leƙa ya ga ko wata ta yi nauyi wata kuma tana hutawa, sai ya ɗauke aiki daga nan ya kai can. Amma waɗanda suka tsara shi sun sa masa haƙuri. Ba ya gaggawar ɗauke aiki daga inda ya riga ya zauna sai bambancin ya yi yawa. Wannan haƙurin nasa shi ya tsone mini ido.

Wata rana ina zaune babu abin yi (nan fa duk masifa take farawa), sai na buɗe allon da ke nuna yadda kowace ƙwaƙwalwa take aiki. Layuka takwas ne. Uku sun cika sun batse, biyu suna tsaka-tsaki, sauran kuwa kamar sun tafi hutun Sallah. Raina ya ɓaci. Na shiga intanet na yi ta karance-karance a zaurukan da masana ke musu, na fahimci rabin abin da suke faɗa, na ɗauka duka na fahimta. Na gano wasu lambobi da ke faɗa wa mai rabon aikin sau nawa zai riƙa leƙawa, da kuma yawan bambancin da zai gani kafin ya motsa aiki. Sai na tsuke su. Na ce masa, a taƙaice, kada ya ƙara yin haƙuri: da ya ga wata ta ɗan fi wata nauyi, ya kwashe ya kai wa mai hutawa.

Ai kuwa layukan nan takwas suka jeru kai ɗaya, kamar an sa musu magwaji. Kowa na aiki, babu mai hamma. Wallahi sai da na ɗauki hoton allon da wayata.

Da Alhaji ya shigo na ja shi ɗakin baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗauka teloli takwas gare ka, huɗu a shago ɗaya, huɗu a shagon tsallaken titi. Da, uku ne suke ta fama da ɗinki, sauran suna shan shayi. Yanzu na sa musu mai lura. Da ya ga wani ya ɗaga kai, sai ya ɗebo aiki ya dire masa."

Fuskar Alhaji ta washe. "Wato duk shekarun nan ina ciyar da 'yan zaman banza a cikin akwatin nan ban sani ba?"

Na ce, "Sosai ma kuwa."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Injiniya." Ranar ban taka ƙasa ba har na isa gida.

To, a daidai wannan makon ne Bappa ya sake shimfiɗa wayoyin zaure, domin muna shirin zuwan masu dubawa. Su ne za su ce cibiya ta cancanci a turo mata ɗalibai a babbar jarrabawa ko ba ta cancanta ba. Alhaji ya zuba duk burinsa a kan wannan. Muna kuma da ɗaliban da ke zuwa gwaji kullum da safe, zauren yakan cika maƙil.

Sai abu ya fara lalacewa. In mutum kaɗan ne a zaure, lafiya lau. Da zarar ya cika, sai yaro ya danna tambaya ta gaba, 'yar da'irar nan ta tsaya tana juyawa, tana juyawa, har ya gaji ya ɗaga hannu. Wata yarinya ta ce mini, "Malam, ni fa kafin tambayar ta fito na manta wadda na amsa." Ni kuwa in ruga ɗakin baya in duba allona, in ga layukana takwas a jere, kowa a cike yana aiki tuƙuru. Sai in dawo da ƙarfin gwiwa in ce saba lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa yin aiki irin na yanzu ba ma. Matsalar a hanya take.

Hanya kuwa wayoyin Bappa ne. Ban kira sunansa ba, kada in yi wa kaina ƙarya, amma ban kuma bar wani sunan da za a iya kira ba.

Bawan Allah nan ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana yanke bakinsu yana sake matsewa. Ya shiga silin ya fito fari fat da yanar gizo. Ya ce mini, "Injiniya, ni na gwada kowanne da abin gwaji, duk yana nuna lafiya. Ko akwai abin da ka taɓa a ciki?"

Na dube shi sama da ƙasa. "Abin da na taɓa ƙara mata gudu ya yi. Kai dai ka ji da naka. Kuma don Allah kada kowa ya kusanci sabar nan, aikin ciki ba na kowa ba ne."

Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri," ya koma kan tsaninsa.

Ana jibi masu dubawa za su zo, Alhaji ya tsaya a tsakiyar zaure yana kallon hannaye a sama, ransa a ɓace. Ya kira Bappa a gabana ya ce, "Malam Bappa, ni ban iya kwana-kwana ba. Kafin ka taɓa wayoyin nan babu abin da ya same mu. In mutanen nan suka zo suka kayar da mu, ka nemi wani wurin." Bappa ya sunkuyar da kai. Na ji babu daɗi, gaskiya, don na san yaransa, ƙaramar ma takan biyo shi ranar Asabar ta zauna tana zane a bayan takardunmu. Amma tausayin nawa irin na wanda ya tabbata ba laifinsa ba ne. Har na yanke shawarar in taimaka masa. Na ce bari in ƙara wa saba gudu ko ta rufe masa asiri. Ana gobe za su zo, kafin mu tashi da yamma, na koma na ƙara tsuke lambobin nan har iya inda suke tsukuwa.

Ranar dubawa na ɗan makara, saboda na tsaya karɓar babbar rigata a wajen mai guga (eh, babbar riga na sa, don a san da wa ake magana). Ina shiga na tarar zaure ya cika, shiru kake ji sai ƙarar danne-danne. Babu hannu ko ɗaya a sama. Na leƙa allon wani yaro, yana dannawa tambaya na fitowa, kamar ƙiftawar ido. Kaina ya ƙara girma har hular ta matse ni. Na ce a raina, gyaran jiya ne ya kama. Na hango Bappa a can ƙarshen zaure, idanunsa jajur, yana ta kauce wa haɗa ido da ni. Na ɗauka kunyar alherin da na yi masa ce.

Masu dubawa su uku ne, shugabarsu wata mata mai farin tabarau da suke kira Hajiya Injiniya. Tata injiniyar ta gaske ce, wannan daga baya na gane. Suka zagaya, suka gwada, suka duba agogo suna gyaɗa kai. Ta ce wa Alhaji, "Gudun yana da kyau ƙwarai, ga na'urar kuma ba sabuwa ba."

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan, an tashi lafiya. Amma Alhaji ya ce, "Ai aikin Injiniyanmu ne, ya kori zaman banza a cikin akwatin. Yi musu bayanin telolin nan." Ni kuma maimakon in ce a bar shi, sai na gyara zaman riga a kafaɗa, na haɗa kwamfutata da majigin da ke haska bangon zaure, don kowa ya gani, har da ɗaliban da babu ruwansu. Na kawo labarin teloli tiryan-tiryan. Na ce masu tsara manhajar sun yi sakaci, ni kuma na toshe gibin. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, sakaci.

Hajiya ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Madalla. Mu ga lambobin da ka sa."

Na buga umarnin, lambobi suka fito a bango, manya-manya. Na buɗe baki zan karanto su, sai na ga ba nawa ba ne. Na asali ne, waɗanda na'urar ta zo da su. Na sake bugawa, su dai ne. Na buɗe allon layukana, sai ga su nan a karkace kamar da, uku a cike, wasu suna hutawa.

Ta ce, "Yaushe aka kunna sabar nan?"

Na ce, "Ai ba ma kashe ta, Hajiya. Ta yi watanni."

"Duba mana dai."

Na duba. Bango ya nuna da safiyar nan aka kunna ta.

Sai ga muryar Bappa daga baya, ƙasa-ƙasa. "Ni ne, Hajiya. Na zo bayan Asuba in sake bin waya, sai aka ɗauke wuta, batir ɗin da ke riƙe saba bai riƙe ba, kafin in tada janareta akwatin sabar ya mutu. Na danna masa maɓalli ya tashi. Injiniya ya ce kada a taɓa, shi ya sa ban faɗa ba. A yi haƙuri."

Hajiya ta juyo gare ni. "Da ka canza lambobin, ka rubuta su a inda za ta karanta in ta sake tashi, ko a kan tafiya kawai ka sa su?"

A kan tafiya na sa su. Wuta na ɗaukewa suka bi iska, saba ta farka da hankalinta na asali. Wato gudun da ake ta yabo tun safe, gudun rashin gyarana ne.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa borin kunya ya kama ni. Na ce, "To ai kin ga, Hajiya, wannan gudun ma ba komai ba ne. Bari in mayar da nawa ki ga yadda za ta tashi sama." Ta ɗan dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Gwaji ne dai yaran suke yi ko? To bismillah."

Na mayar da lambobina. Layuka takwas suka jeru a bango gwanin sha'awa, har Alhaji ya ce, "Yawwa, ga su nan!" Bai rufe baki ba hannu na farko ya tashi a layin gaba. Sai na biyu. Sai gefen taga gaba ɗaya. Yarinyar nan ta ranar ta ɗaga murya ta ce, "Malam, abin nan ya dawo!" Ina tsaye a gaban zaure cikin babbar riga, majigi na haska mini rabin fuska, gumi na bin bayana har cikin wando. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ba ta kula ni ba.

Hajiya ta ce, a hankali, "Cire su." Na cire. Hannaye suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta yi mini dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ta juya wajen Alhaji ta ce, "Alhaji, misalin telolin nan daidai ne, rabinsa kawai ya kawo. In tela ya ɗauki riga, ya sa zaren da ya dace, ya riƙe awon a kansa, ya kai rabin hannu, sai mai lura ya fizge ta ya tsallaka titi ya kai wa wani don ya gan shi zaune, me zai faru?"

Alhaji ya ce, "Sai wancan ya sake zare, ya sake neman awo."

"Kafin ya gama kuma a sake fizgewa a kai wa na uku. Kowa za ka gan shi yana motsi, babu mai hamma, amma riga ba ta fita. Kowace ƙwaƙwalwa tana da 'yar ma'ajiya a kusa da ita inda take ajiye abin da take aiki a kai. In ka motsa aikin, sai sabuwar ta faro tattarawa daga farko, balle in tsallaken titi ne. Rabon aiki ba laifi ba ne, akwai irin aikin da gyaran nan nasa zai iya yi wa amfani, manya masu daɗewa waɗanda ba ruwan wani da wani. Amma naku ƙanana ne masu gaggawa, duk kuma a kan bayanai ɗaya suke. Gara wani ya ɗan zauna da a yi ta yawo da riga." Sannan ta dube ni. "In za ka auna, auna tsawon jiran da yaro ke yi bayan ya danna. Shi ne aikin, ba kyan layi ba."

Alhaji ya juyo yana kallona. Can ya ce, "Wato wayoyin Malam Bappa..."

Na ce, "Lafiyarsu ƙalau, ranka ya daɗe. Tun farko ma." Muryar da ta fito ban san ta ba, siririya ce kamar ta ɗan firamare.

Masu dubawa suka shiga ofis suka rufe ƙofa, mu kuma muna tsaye a baranda, ni da Bappa. Da suka fito, Hajiya ta ce cibiya ta tsallake, da sharaɗin a canza batir, kada kuma a ƙara gwada sabon abu a kan sabar da ake jarrabawa da ita. Kunya tana nan daram, amma wani sanyi ya sauko mini har tafin ƙafa, domin sai a lokacin na hango abin da ya kusa faruwa sosai. Da batir ɗin nan mai kyau ne, da saba ba ta mutu ba, da mun faɗi, da Bappa ya kwashe yaransa ya koma Inkil da laifin da ba nasa ba, ni kuma ina nan ina ɗaukar hoton layuka ina jin tausayinsa.

Alhaji ya kira Bappa a gaban kowa, kamar yadda ya yi masa faɗa a gaban kowa, ya ce, "Malam Bappa, na zalunce ka, ka yafe mini." Ni ma na bi shi har inda ya ajiye babur ɗinsa, na ce ya yafe mini, na yi ta kame-kamen bayani. Ya tsaya yana ɗaure jakarsa, ya ce, "Ba komai, Injiniya. Ni fa tun safe a tsorace nake, na ɗauka na ɓata maka aikin da ka sha wahala a kai." Sai murmushi ya suɓuce masa. "Ashe kuwa na ɓata."

Alhaji bai kore ni ba, bai kuma daina kirana Injiniya ba, sai dai yanzu yakan ɗan ja sunan. Na haɗa wata tsohuwar kwamfuta a gefe, a kanta nake duk wani gwaje-gwajena, in canza abu ɗaya, in auna jiran da mai dannawa zai yi, in mayar. Na kuma koyi cewa in abu ya lalace a makon da mutum biyu suka yi aiki, in fara bincike daga wanda yake sanye da hulata. Amma a cibiyarmu darasin da ya zauna wani ne daban. Ko fanka ce ta rage gudu a zaure, sai ka ji Alhaji daga ofis yana cewa, "Malam Bappa, kashe ka kunna, wataƙila Injiniya ya yi mata gyara."